Tambaya da Amsa: Zare Yana Cukurkuɗewa a Ƙarƙashin Yadi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da keken ɗinki na ƙafa ƙirar Butterfly, wanda nake ɗinka kayan yara da shi a gida. Kwanan nan na fara haɗa guntayen atamfa ina ɗinka bargo mai auduga a tsakiya, amma sai zare ya riƙa cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadin, wani lokaci kuma keken ya tsallake ɗinki. Wata maƙwabciyata ta ce in ɗaure kusar ƙoshiya, na ɗaure, abin bai gyaru ba. Shin keken ne ya lalace? Kuma ko zan iya sa masa man gyaɗa idan man keke ya ƙare? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da wuya a ce keken ya lalace, kuma ina ganin shawarar maƙwabciyarki, duk da kyakkyawar niyyarta, ta kai ki inda matsalar ba ta nan. Zaren da kike gani ya taru a ƙasa, kusan kullum zaren sama ne, ba na kwarkwaro ba, wato ɗan abin da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa. Yadda keken yake aiki shi ne, allura ta sauka da zaren sama, bakin ƙoshiya, wato ƙarfen da yake kai da komowa a ƙarƙashin allura, ya kama shi ya zagaya da shi bayan kwarkwaro, sannan ƙarfen nan mai hawa da sauka a goshin keken ya janye ragowar zaren, ƙullin ya ɓuya a tsakiyar yadi. Idan zaren sama bai sami abin da zai riƙe shi da ƙarfi ba, ragowar ba ta komawa sama, sai ta zauna a ƙasa ta yi ta taruwa.

Saboda haka ki fara da zare zaren sama gaba ɗaya, ki ɗaga ƙafar da take danne yadi, sannan ki sake zura shi daga farko. Ɗaga ƙafar nan ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ne yake buɗe faifan ƙarfe biyun da suke matse zare. Idan aka zura zare ƙafar tana ƙasa, yakan bi ta gefen faifan bai shiga tsakaninsu ba, kuma komai murɗa mamatsin da za ki yi ba zai yi tasiri ba. Ki ja wani tsaftataccen ƙyalle a tsakanin faifan, saboda ƙurar hunturu da burbushin auduga sukan maƙale a wurin su hana su haɗuwa. Ki tabbata kuma zaren ya ratsa ta ramin ƙarfen mai hawa da sauka. Lokacin fara ɗinki, ki riƙe bakin zaren biyu a bayan ƙafar har allura ta yi sara biyu ko uku, kuma ki riƙa juya wilin hannu zuwa wajenki, ba baya ba.

Game da kusar da kika ɗaure, wadda take jikin gidan kwarkwaro tana matse zaren ƙasa, sai a mayar da ita yadda take. Ki riƙe zaren kwarkwaro, gidansa yana rataye a jikinsa, ki ɗan girgiza hannunki: idan ya zame kaɗan ya tsaya, matsin ya yi daidai, idan bai motsa ba ko kaɗan, ya yi tsauri, ki sassauta kusar da rubu'in juyi, ki sake gwadawa. Ki yi wannan a kan faranti, domin kusar ƙarama ce ƙwarai, idan ta faɗi ƙasa nemanta wahala ne. Daga nan ki sa zare mai launi ɗaya a sama, wani launin a ƙasa, ki gwada a kan ƙyalle mai ninki biyu, nan take za ki gane wanda yake leƙowa a ɗaya ɓangaren.

Tsallake ɗinki kuwa yawanci laifin allura ne. Allurar da aka saba ɗinka atamfa da ita, mai lamba 14, tana iya lanƙwasawa idan ta haɗu da yadi biyu da auduga a tsakani, musamman a mahaɗar guntaye inda kauri ya ninku, kuma da ta kauce kaɗan bakin ƙoshiya ba zai kama zaren ba. Ki sa sabuwa mai lamba 16, wadda ake rubuta 100/16 a jikin fakitinta, ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure. Ki lura da dogon kwarmin da yake jikin allurar, dole ya fuskanci ɓangaren da zare yake shigowa ta cikinsa. Ki ƙara tsawon ɗinkin zuwa wajen milimita 3, ki ɗan sassauta kusar da take saman keken wadda take ƙara wa ƙafar nauyi, kuma ki kafa yadin da audugar da manyan ɗinkin hannu tukuna, sannan ki fara daga tsakiyar bargon zuwa gefe. Kada ki ja bargon da ƙarfi ta baya. Ki tallafe nauyinsa a kan tebur, ki bar haƙoran keken su tafiyar da shi.

Man gyaɗa kam ki nisanta shi daga keken, haka ma man ja da duk wani man girki, domin suna daskarewa su zama danƙo su riƙe ƙarafan. Farin man keke mara kauri shi ne nasa, ɗigo ɗaya a kowane ramin mai da kuma hanyar da ƙoshiya take kai da komowa, bayan kin cire farantin allura kin share burbushin da ya taru a tsakanin haƙoran. Idan an taɓa sa man girki, kananzir kaɗan zai narkar da danƙon, sai a goge a sa man da ya dace.

Idan kin yi duk wannan keken bai daina tsallake ba, ko kuma kina jin allura tana bugun ƙarfe a ƙasa, to saitin da yake tsakanin allura da ƙoshiya ne ya goce. Wannan aikin makanikin keke ne, kuma idan za ki kai masa, ki tafi da guntun bargon da kike ɗinkawa domin ya gwada gyaran a kan kaurin da kike aiki da shi.