Algaita Busa Ta Ake Yi: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kayan Kiɗa

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan kayan kiɗa suka zo, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Assalamu alaikum Malam. A wajen bikin ƙanwata na ce "an buga algaita", sai kakana ya ce ba a faɗin haka. Ina laifin maganata? (Ɗalibi, Gadarif)

Wa alaikumus salam, ɗana. Kakanka ya yi gaskiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Algaita busa ta ake yi, mai yin kuma mabushi ne, idan suna da yawa mabusa. Na san inda ka samo taka. Bakinmu a nan Sudan ya saba da Larabcin kasuwa, inda kalma ɗaya kamar "dagga" ko "azaf" take ɗaukar kaya da yawa, sai muka kama "buga" muka jibga mata komai: an buga ganga, an buga algaita, an buga goge. Yaro kamarka ba na ganin laifinsa sosai. Wanda ke ba ni haushi shi ne mai furfura da ya tashi yana jin daidai a bakin iyayensa, amma yau ƙyuya ta hana shi faɗa.

Kuma asarar ba ƙarama ba ce, domin aikatau ɗin da Bahaushe ke zaɓa shi ke gaya maka daga inda amon yake fitowa. Ganga, kalangu, kotso, taushi, tambari da bandiri kaɗa su ake yi, kuma abin da ke motsi a jikinsu fata ce da aka ɗaure a bakin ice ko ƙwarya. Molo, garaya, gurmi da kuntigi su ma kaɗawa ne, amma a nan tsarkiya ce ke rawa, ƙoƙon da ke ƙasa aikinsa ya tara amon ya ƙara masa ƙarfi. Goge kuwa sunansa ya gama bayani: izgar doki ake gogawa a kan izgar doki, bayan an shafa mata ƙaro don ta kama. Caki girgiza shi ake yi. Kuge da ƙararrawa su ne za ka ce an buga ban tanka maka ba, don ba fata ba tsarkiya, jikin ƙarfen da kansa ke kuka.

Busar ma ba iri ɗaya ba ce. A sarewa iska ce ke tsagewa a gefen baki, shi ya sa muryarta take da sanyi. A kakaki da farai da ƙaho leɓɓan mabushi ne ke karkarwa, bututun ya ɗauki wannan karkarwar ya kai ta nesa. A algaita akwai ɗan tsinken ciyawa mai harshe biyu da mabushi ke sa wa cikin bakinsa gaba ɗaya, shi ne ke motsi idan iska ta ratsa. Ina yaro a garin Maiwurno na nan Sudan na taɓa tsayawa dab da wani mabushi ranar sallah. Kumatunsa sun kumbura kamar ya cusa lemo biyu, jijiyar wuyansa a tsaye, gumi na bin gemunsa, amon kuma bai yanke ba ko sau ɗaya. Sai da na girma na gane iska yake tarawa a kumatu yana turawa, yana shaƙar wata ta hanci a lokaci guda. Mutumin da ya yi shekaru yana koyon wannan, ka ce "bugawa" yake yi?

A shekarar 1914 wasu masana biyu a Jamus, Hornbostel da Sachs, suka kasa kayan kiɗan duniya gida huɗu: masu amo da jikinsu, masu fata, masu tsarkiya da masu iska. A 1940 Sachs ya ƙara na biyar, masu aiki da lantarki. Aiki ne mai kyau, kuma har yau da shi ake koyarwa. Amma ka dubi abin da kakanka ya gyara maka, za ka ga harshenka ya riga ya yi rabin wannan rabon ba tare da littafi ba.

Malam, mene ne dalluka da Hausa? (Wata uwar gida, Kassala)

Ki bar ta da sunanta, Hajiya. Gangar yumɓu ce ta matan ƙasar nan, mai fata a baki ɗaya. Kada dai ki ce mata shantu, don shantu dogon duma ne mara fata.

Allah ya gafarta Malam, mun yi gardama da abokina. Shi ya ce tambari da tambur abu ɗaya ne, lafazi ne kawai ya bambanta. (Mai karatu, Wad Madani)

Ka gaya wa abokinka kunne ya yaudare shi. Tambur da ake kaɗawa a arewacin Sudan, wajen Shaigiyya da Nubawa, na tsarkiya ne, galibi guda biyar, an ja su daga ƙoƙo zuwa wata sanda da ke gicciye a sama. Ɗan'uwan molo ne ta wajen fitar amo, ko da yake ƙirarsu daban. Tambari kuwa babbar ganga ce mai baki ɗaya, an rufe ta da fatar sa, kuma ba kowa ke da ikon a kaɗa masa ba. Na sarauta ne. Ana jin sa a daren sallah, ko ranar naɗi, ko idan wani babban al'amari ya sami gari.

In yana neman abokin tambari a ƙasar nan, nihas zai nema, gangunan tagulla na sarakuna. A Darfur, har zuwa zamanin Sarki Ali Dinar da aka kashe a 1916, sauya wa nihas fata babban biki ne na fada da ake yi duk shekara. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin Kogin Nilu, ba sai an yi musu fassarar nihas ba. Sun san ganga da ke nufin mulki.

Me ake nufi da "in ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa"? (Malamar makaranta, Sinnar)

Ma'anar kin san ta, Malama: abu in ya kai maƙura, ko mutum in ya cika tashe da fankama, to a jira faɗuwarsa. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne karin maganar gaskiya ce tsantsa ta sana'a. Fata in an ƙara ɗaure ta, ko an gasa ta a gefen wuta, amonta yana ƙara tashi sama, yana ƙara kaifi. Wannan shi ne "zaƙi". Amma ɗaurin da ya kawo zaƙin shi ne kuma ke kusantar da ita ga yagewa. Dubi mai kalangu: yana matse tsarkiyoyin da ke haɗa fatun biyu a hammatarsa, amo ya hau, ya sassauta, amo ya sauka. Da haka kalangu ke bin hawa da saukar muryar Hausa har ya kira sunan mutum a tsakiyar kasuwa, mahauci ya ji takensa ya ajiye wuƙa.

Na ji wasu na cewa "in ganga ta cika ƙara". Ƙara daban, zaƙi daban. Garwa ma tana ƙara. Wanda ya sauya kalmar ya zubar da hikimar, ya riƙe ƙwaryar.

Me ya haɗa kakakin majalisa da kakakin sarki? (Ɗan jarida, Fot Sudan)

Kakaki shi ke sanar da gari fitowar sarki tun ba a hango shi ba. Wanda ke magana da yawun hukuma aikin da yake yi ke nan, sai aka ara masa sunan. Aro ne mai kyau, ina ma duk sababbin kalmominmu haka aka ƙera su.

Malam, na ga waza a wajen Damazin. Kakaki ne? (Direba, Damazin)

Gidansu ɗaya, don duka leɓe ne ke motsi. Amma waza ta mutanen Barta ce, da gutsattsarin duma ake haɗa ta, kuma kowace murya ɗaya take bayarwa. Shi ya sa ba ka ganin mutum ɗaya da ita, sai taron mabusa, gajeru da dogaye, wannan ya busa wancan ya karɓa har waƙa ta haɗu.

Jita da ake jona wa wuta, a wane gida take? (Wani matashi, Umdurman)

Tsarkiya ce dai ke rawa, ɗana, wutar ƙara mata murya take yi. Kuma kaɗa ta ake yi.