Tambaya da Amsa: Shiga ƙungiyar zumuntar ɗalibai a jami'o'in Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana shekarar farko a wata jami'a a Amurka da bizar karatu. Ya bugo waya yana neman ƙarin kuɗi, wai zai shiga wata ƙungiyar ɗalibai maza da suke kira frataniti. Hankalina bai kwanta ba. Ba ƙungiyar asiri ba ce? Me zan tambaye shi kafin in amince? (Daga wata uwa)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Doka ba ta haramta su ba. Yawancinsu suna da rajista da jami'a, suna da hedkwata ta ƙasa, wasu har da gidan kwana kusa da makaranta. Ta maza ita ce frataniti, ta mata sororiti. Sunayensu haruffan Girka ne, al'adar da ta faro daga Phi Beta Kappa da aka kafa a Kwalejin William da Mary a 1776. Abin da suke ɓoyewa bai wuce bikin rantsarwa da kalmomin gane juna ba. Suna da amfani: abokai, aikin taimakon jama'a, da tsofaffin mambobi da kan yi wa matashi hanyar samun aiki.

A farkon zangon karatu akan ware kamar mako guda, ɗalibi ya zagaya rassan ƙungiyoyin, ya gan su, su gan shi. Reshen da ya yaba da shi sai ya ba shi takardar gayyata. In ya karɓa, ya zama sabon shiga na kamar mako shida zuwa takwas kafin a rantsar da shi. Da yawa suna neman matsakaicin maki 2.5 cikin 4, wasu jami'o'in ma ba sa barin ɗan shekarar farko ya nema sai a zango na biyu.

Waɗannan makonnin na sabon shiga su ne wurin da za ki sa ido, Hajiya. A nan wasu rassan ke gallaza wa yara: tilasta shan barasa, hana barci, duka, aike cikin tsakar dare. Yaro yana tsoron a ce masa rago, sai ya haɗiye. A watan Fabrairun 2017 Timothy Piazza, mai shekara 19, ya faɗo daga matakala a gidan ƙungiyar Beta Theta Pi na jami'ar Penn State bayan an ɗura masa barasa. An kai kusan awa 12 kafin a kira motar asibiti, ya rasu. Jihar Pennsylvania ta tsaurara hukunci a 2018 da doka mai sunansa, sannan a Disambar 2024 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana rassan da aka samu da wannan laifi. Ki ce ya buɗe shafin jami'arsa na intanet ya karanta miki tarihin reshen. In an taɓa dakatar da reshen kwanan nan, ko jami'a ta janye masa rajista amma yana ci gaba a ɓoye, shawararmu kada ya kusance shi.

Ki tuna masa kuma shi baƙo ne. Shan barasa kafin shekara 21 laifi ne a Amurka. Bizar karatu ta F-1 ta ginu ne kan cikakken karatu, wato darussan da nauyinsu ya kai kiredit 12 a zango. In jami'a ta dakatar da shi, izinin zamansa ya shiga matsala, alhali abokinsa ɗan ƙasa gida kawai zai koma.

Batun kuɗi, kada ki yarda da lissafin baki. Akwai kuɗin sabon shiga, kuɗin rantsarwa, kuɗin reshe da na hedkwata duk zango, ga riguna da liyafa da tarar rashin zuwa taro. Yana kamawa daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai a zango, musamman in da gida da abinci. Ya nemo jadawalin a rubuce, ya kuma karanta yarjejeniyar gidan, don wasu rassan suna wajabta zama a ciki shekara guda.

In barasa ce babbar damuwarki, akwai Alpha Lambda Mu, ta ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Jami'ar Texas da ke Dallas a 2013. Akwai kuma ƙungiyoyi tara na baƙaƙen fata, irin su Alpha Phi Alpha da aka kafa a Cornell a 1906, waɗanda galibi sai ɗalibi ya kammala aƙalla zango guda suke duba shi. Su ma a binciki reshen.

TAMBAYA: 'Yar'uwata tana neman shiga ta mata. In ba ta ji daɗi ba, za ta iya sauyawa?

AMSA: Ya danganta da inda ta kai. Ƙungiyoyin mata 26 da ke ƙarƙashin majalisarsu ta ƙasa, NPC, suna sa mai nema ta rubuta sunayen waɗanda take so, ta sa hannu a takardar alkawari a ranar ƙarshe ta makon zagaye. In aka ba ta gayyata daga wadda ta rubuta sunanta ta ƙi karɓa, sai ta jira babban zagayen ɗaukar mambobi na gaba a wannan jami'ar. In kuwa har an rantsar da ita, ba za ta sake shiga wata cikin 26 ɗin ba har abada, ko da ta fita. Don haka kada ta rubuta sunan ƙungiyar da ba za ta iya zama a cikinta ba.