Goron da ake kaiwa Dogondutsi

Ɗana Bello, ka tambaye ni dalilin da ba za a sa ranar aurenka ba sai an kai goro Dogondutsi, alhali, a faɗarka, mutanen can 'yan Nijar ne, mu kuma 'yan Kangiwa.

Wa ya mai da su 'yan Nijar? Lokacin da kakan kakanka ke tashi daga Matankari, kusa da Dogondutsi, ya zo noma nan, ba wanda ya tare shi a hanya. Ƙasar Arewa, wato ƙasarmu ta Arawa, ɗaya ce. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna a 1898 suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, suka ce ciki na wannan, waje na wancan. Faransawa suka ga rabonsu ba rijiyoyi a hanyar Damagaram, aka sake zane a 1904, aka kuma gyara a 1906. Ba a tambayi Sarkin Arewa ba, balle talaka. Aka wayi gari wa yana biya wa Nasara ɗaya haraji, ƙane yana biya wa wani.

Su can sun sha wuya fiye da mu. Sojojin Faransa sun ƙone Lugu a 1899, inda Sarauniya, shugabar garin, ta tsaya musu. Daga baya aikin tilas ya koro gidaje da yawa zuwa wannan ɓangare, ba a soke shi ba sai 1946. Wasu dangin uwarka haka suka iso, da dare, da jaki ɗaya da tabarmi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne makaranta. Kai an koya maka tarihin Najeriya da Turanci, ɗan baffanka na can an koya masa na Nijar da Faransanci, ba wanda aka koya wa na Arewa. In kun haɗu kuna gaisawa kamar baƙi. Amma dubi fuskar Gwaggo Hajo: tsaga biyu daga gefen baki har kunne, irin ta tsofaffin Dogondutsi sak. Ku ba a yi muku ba, ban kuma ce a dawo da ita ba.

Babban gidanmu yana can, kuma ƙaramin gida ba ya ɗaura aure babba bai sani ba. Ko da aka rufe iyaka a 2023, goron ƙanwarka ya isa, a bayan babur. Ka sayi ƙwarya ɗaya mai kyau, fari da ja, ka kai da hannunka. Ka fara sauka wurin Baffa Tanko, shi ne babba yanzu, kuma ka tuɓe takalmi tun daga zaure.