Wai Ko Ɗan Firamare Zai Zana Shi

Salamu alaikum jama'ar gida. To taubashi, na ji muryarka, kana ta dariya wai hoton nan da aka turo, layi-layi da 'yan murabba'i, ko ɗanka na firamare zai zana shi. Ni na san abin da ke cinka. Ba ka ga mutum ba, ba ka ga doki ba, shi ke nan ka yanke hukunci shirme ne.

To tsaya. Babbar rigar da ka sa ranar Sallah, aska takwas ɗin da ke ƙirjinta, hoton wa ne? Dagin Arewa fa? Allon zayyana da aka yi maka ranar saukarka, ka taɓa cewa mai zayyanar bai iya ba don babu fuska a ciki?

Akwai wani dattijo ɗan Sudan, Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, a makarantar allon mahaifinsa ya fara riƙe alƙalami. Ya je Landan ya koyo zane irin na Turawa, ya dawo Khartoum ya baje kolinsa, mutanen gari ko a jikinsu. Sai ya koma ga haruffan allo da adon da ke jikin kayan gargajiyarsu. Daga baya ya yi zane-zane masu yawa a kan bishiya guda, haraz suke ce mata, gawon nan namu ne fa. Ka san halin gawo, damina kowa ya yi kore shi ya zubar da ganye, rani kowa ya bushe shi ya tofo. Mutumin nan, El-Salahi, da aka kulle a kurkukun Kober na Sudan a 1975, wata shida, a'a, wata shida da 'yan kwanaki, ba tare da shari'a ba, shi ne ya zaɓi bishiyar da ba ta bin ayari. Wasu zanen ba reshe ba ganye, layi ne a tsaye, wasu layukan sun gitta shi, kala-kala. Wanda bai san gawo ba sai ya ce tsani ne. A 2013 gidan baje kolin zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya tattaro aikinsa na shekaru aka nuna.

Abin da ke ƙona min rai, wallahi, irin wannan raini ne ya cinye mana soron kaka a Zariya. Kun tuna adon da ke goshin ƙofar, dagi ne da zobba an murɗa su cikin juna, da hannu magini ya fitar da su tun ƙasar na ɗanya. Aka kawo wani birkila, ya ce ƙauyanci ne, ya shafe da siminti a yini guda. Ko hoto ba mu ɗauka ba. Ni ina makaranta lokacin, da na dawo na tarar da bango sumul kamar na shagon caji. Har yau in na wuce ba na ɗaga kai.



Ban ce duk mai jan layi gwani ne ba, akwai 'yan cuwa-cuwa, kuɗin da ake sayar da irin zanen kuma harkar kasuwa ce. Amma tunda ka ce yaronka zai iya, ba shi takarda da biro yau, ka ce ya zana mana gawo ba ganye ba reshe. Ka turo nan, muna jira.