Har ƙofa, ko a tashar jirgi?

Ka tambaye ni dalilin da ya sa takalman nan da muka sayo daga Chana muka ba masu kawowa har ƙofa, amma kwantenar yadi muka ce a sauke a tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas mu fitar da kanmu. To saurara, yarona.

Yawan kaya ne ke fara yanke hukunci. Kwantena mai ƙafa 20 kan ci kamar CBM 28 (CBM shi ne ma'aunin girman kaya, wato kubik mita) in an iya lodi, takalmanmu kuwa ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su cika ba. Irin wannan sai ka kai siton kamfanin dako a Guangzhou, su auna, su haɗa da na wasu, su yanka maka kuɗi a kan kowane CBM. Jirgi, kwastan, mota, duk ruwansu ne.

Sauƙin nan yana da farashi. Takardar lodin jirgi da sunansu take fita, kai rasit kawai ke hannunka. In wani ya cusa magani marar lambar NAFDAC a cikin kwantenar, kwastan gaba ɗayanta za su riƙe, har da takalmanka da ba su san hawa ba balle sauka. Sannan kafin ka biya, ka tambaya: wace ƙofar? Wasu ƙofarsu sito ce a Legas, daga nan zuwa Kantin Kwari sai aljihunka. Ka sa su rubuta inda za a sauke, da ko kuɗin fito na ciki. In takarda ta ce DDP, an haɗa da shi. In DAP ce, kai za ka biya.

Na tasha zuwa tasha kuwa, kamfanin jirgi ya ɗauko daga Chana ya dire a Apapa ko Tin Can, aikinsa ya ƙare. A takarda ya fi araha, shi ya sa yake ruɗar sababbin shiga. Sai ka buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, a banki tun kaya ba su taso ba, ka samo PAAR, takardar kimanta kuɗin fito, daga kwastan, wasu kayan har da shaidar ingancin kaya ta SONCAP. Kwanakin da ake ɗaga maka ƙafa ka fitar da kaya kaɗan ne. Suna ƙarewa, kamfanin jirgi na ƙirga tarar kwana, masu tasha na ƙirga kuɗin ajiya, ko Lahadi ba sa hutawa. Ga tirela ta ci kusan kilomita 1,000 zuwa Kano, kuma dole a mayar da kwantenar, in ba haka ba kuɗin jinginarka ya tafi. An dai buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano a 2023, amma ka fara jin bakin kamfanin jirgi ko yana kaiwa can.

Yadin ya cika kwantena, kuma muna da ejan, mai fitar mana da kaya daga kwastan, da muka daɗe tare, shi ya sa muka ɗauki wahalar. Kai da kake farawa, bi masu har ƙofa tukuna, kuma ka gwada su da katan kaɗan kafin ka damƙa musu jarinka.