Amsa kan ƙawanyar Owerri

Malam, ka tambaya me ya sa tsofaffin sojoji ke musu kan fitar dakarun tarayya daga Owerri a lokacin yaƙin basasar Najeriya, wasu na cewa gudu ne, wasu dabara. Mu ma nan Bauchi mun sha jin wannan musun. Kawuna da wani abokinsa kan zauna kan tabarma a ƙofar gidanmu a Jahun, kuma duk ranar da aka taɓo zancen sai shayi ya huce.

Dakarun tarayya sun kama Owerri a Satumbar 1968, sannan sojojin Biyafara suka datse hanyoyi, suka killace birged ta 16 ta tarayya ƙarƙashin kwamandanta Etuk. Ta jirgin sama ake jefo musu abinci da harsashi, wasu kayan su faɗa hannun abokan gaba. A Afrilun 1969 suka fasa ƙawanyar suka fice.

Kawu yana ciki, har yau yana nuna tabon ƙafarsa. Abokinsa kuwa yana runduna ta ɗaya, labari ya ji. Ni dai ba zan kira fitar nan gudu ba. Inda na ga kuskure shi ne Adekunle, kwamandan rundunar da birged ɗin ke ƙarƙashinta, ya watsa rundunarsa kan Owerri, Aba da Umuahia lokaci guda.