Haƙuri, Dangana da Romon Dutse: Amsoshin Tambayoyinku

Wata baiwar Allah daga Maraɗi: Malam, maigidana ya rasu bara. A wurin gaisuwa wasu na cewa "Allah ya ba da haƙuri", wasu "Allah ya ba da dangana". Duk ɗaya ne?

Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya kai haske kabarinsa. 'Yan gida ɗaya ne, amma kowa da ɗakinsa. Haƙuri ana yin sa kan abin da ake ciki ana sa ran fita: jinya, bashi, zama da mugun maƙwabci. Dangana kuwa sai abin da ya riga ya kuɓuce, ba zai dawo ba, zuciya ta jingina shi ga Mai Shi ta huta. Shi ya sa haƙuri ke zuwa tun ranar zaman makoki, dangana kuwa takan ɗau watanni, kuma ba laifi ba ne ta yi jinkiri.

Tun da an taɓo haƙuri, bari in fitar da abin da ke cina. Kalmar nan ta sha wuya a bakin mutanen yanzu. Mutum ya cinye maka kuɗi, ya ce "sai haƙuri". Rago ya miƙe ƙafa a gindin bishiya, ya ce haƙuri yake yi, har ya jawo karin magana wai mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. To, wa ya taɓa dafa abu a kwance? Mai dafa dutse yana tsugune gaban murhu, yana iza wuta, ruwa ya ƙone ya ƙara, hayaƙi na cin idonsa. Magabatan da suka ga yunwar Kakalaba a 1914 sun tona gidajen tururuwa neman ƙwayar hatsi, bakinsu na ambaton Allah. Wannan ne haƙurin da karin maganar ke nufi. Tawakkali ma haka: a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, ɗaure raƙumi aka fara umarta, sannan dogaro ga Allah.

Wani ɗalibi daga Zariya: Daidai ne a ce "jarabar Ubangiji ce ta same ni"?

A'a, ɗana. Jarrabawa ce Allah ke yi wa bawansa. Jaraba ita ce ta ɗan caca da mashayin taba. Ku riƙa duba abin da kuka rubuta kafin ku watsa a Facebook.

Wani bawan Allah daga Kumasi: "Bayan wuya sai daɗi" fassarar aya ce?

Maganar Bahaushe ce, kuma akwai ɗan bambanci. Ayoyi na 5 da 6 na Suratu Alam Nashrah cewa suka yi tare da tsanani akwai sauƙi, har sau biyu. "Tare", ba "bayan" ba. Bahaushe ya tura daɗin gaba, ayar ta ajiye sauƙin kusa da kai tun kana cikin wuyar. Masu wa'azin da ke cakuɗa su a kan lasifika su yi hattara.

Wata ɗaliba daga Gusau: Mene ne bambancin "komai nisan dare gari zai waye" da "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo"?

Ta farko lallashi ce ga mai shan wuya, ta biyu gargaɗi ce ga mai tsula tsiya. Kada ki kai ta biyun gidan mara lafiya.